Hausar Waya da Hausar Takarda

A kasuwar Sabon Garin Zariya ɗan kasuwa zai ce "matana ya zo", ba mai ɗaga kai, ciniki ya ci gaba. Amma a Samaru, da ɗalibi ya tura saƙon WhatsApp babu ƙugiyar ƙ da ɗ, sai 'yan ajinsu su hau shi da gyara. A ganina gyaran ya yi yawa. A nan Zariya aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, kuma jarida dole ta bi ƙa'ida, don mai karatu ba shi da wanda zai tambaya. Abokin hira kuwa, in bai gane ba, nan take yake tambaya. Wanda ya fi damuna shi ne ɗalibin da ke kai rubutun waya cikin takardar jarrabawa.