Taimakon Ƙetare da Karatun Waje: Ina Rabon Ruwan Bago?

Mai girma shugaban taro, iyayen ƙasa, dagatai da masu unguwanni, shugabannin ƙungiya, malamai, iyayenmu mata, da 'yan'uwa 'yan asalin Ruwan Bago da kuka taso daga Kano, Zariya, Kaduna, Abuja da Legas, muna yi wa kowa barka da zuwa gida.

An nemi mu ce wani abu game da taimakon da ƙasashe masu arziki ke bai wa irin tamu, da kuma karatun da 'ya'yanmu ke fita yi a ƙasashen waje. Mu tsofaffin malaman firamare ne da muka ajiye alli, saboda haka ta tagar aji za mu leƙa wannan batu. Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Taimakon ƙetare baƙo ne, kuma abin da zai bari bayan tafiyarsa ya danganta ne da irin masaukin da ya tarar.

Fita neman ilimin zamani ba yau aka fara ta a Arewa ba. A shekarar 1945 aka tura wasu malamai, ciki har da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa da Malam Yahaya Gusau, zuwa Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan. A 1946 Malam Aminu Kano ya bi sahu. Ku lura da abu biyu: dukkansu sun riga sun goge a aji kafin su tafi, kuma dukkansu sun dawo sun tarar da aiki yana jiran su. Malam Aminu ya dawo ya kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948, ya kuma je Maru yana horar da malamai. Karatun shekara guda suka yi a can, amma har yau ana cin moriyarsa.

Bayan samun 'yancin kai sai Amurka ta shigo. Daga 1961 ta riƙa aiko da matasa 'yan sa-kai suna koyarwa a makarantunmu, kuma Jami'ar Jihar Kansas ta taimaka wajen kafa tsangayar aikin gona da ta likitancin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello. A nan akwai labarin da ya shafe mu kai tsaye, domin Samaru ba ta da nisa da ƙasar Rogo. A wancan zamani malaman gona kan ce wa manomi ya daina cakuɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, wai hakan ci-baya ne. Sai wani Baturen Ingila mai suna David Norman ya zo Samaru a tsakiyar shekarun 1960. Maimakon ya yi wa manoma huɗuba, sai shi da abokan aikinsa suka shiga Hanwa da Doka da Ɗanmahawayi suna auna gonaki, suna ƙidayar ranakun aiki da buhunan amfani. Abin da suka gano shi ne manomi ya san abin da yake yi: haɗa shuka ya fi ba shi riba a kan wahalar da ya sha lokacin da noma ya taso, kuma in damina ta yi gardama ba ya tashi a tutar babu. Wato sai da aka zo daga Ingila aka auna kafin mu 'yan boko mu yarda da abin da iyayenmu suka daɗe da sani.

Misali na biyu shi ne shirin Sasakawa, wanda attajirin Japan Ryoichi Sasakawa da masanin noma Norman Borlaug da tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter suka kafa a 1986, ya iso Nijeriya a 1992. Ba su zo da gine-gine ba. Ɗan fili suke warewa a gonar manomi, malamin gona na jiha ya nuna masa shukar masara ƙwaya ɗaya a rami, da tazara, da binne taki maimakon watsa shi, maƙwabta suna kallo. Shi ya sa har yanzu za ka ji manomin da bai taɓa ganin Bajafane ba yana cewa shukar Sasakawa ya yi. Wannan taimako ya zauna ne domin ya tarar da manomi mai gona da malamin gona mai jin harshensa. Ku kwatanta shi da rijiyoyin burtsatse da muka sha gani a ƙauyuka, allon sunan mai bayarwa yana nan tsaye, famfon kuwa ya daɗe da mutuwa saboda ba a koya wa kowa gyara ba.

To, yanzu lamarin ya sauya, kuma wajibi ne mu gaya wa juna gaskiya. A 2021 Birtaniya ta rage abin da take warewa domin taimako daga kwabo 70 a cikin kowace naira 100 ta abin da ƙasar ke samu zuwa kwabo 50, a watan Fabrairun 2025 kuma ta ba da sanarwar za ta mai da shi 30 nan da 2027. A shekarar 2025 kuma Amurka ta rufe hukumarta ta USAID. Ta fuskar karatu kuwa, tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati har ta haura 1,500 a 2024, uban da ke biya wa ɗansa karatu a waje ya wayi gari kuɗin ya ninka sau uku ba tare da makarantar ta ƙara ko sisi ba. Wanda duk ke shirin sayar da gonar gado saboda karatun waje, muna roƙonsa ya sake lissafi.

Ƙofar da ta fi kusa da mu ita ce ta jiharmu. A 2012 gwamnatin Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso ta tura ɗalibai 501 yin digiri na biyu a ƙasashe daban-daban, a 2023 kuma gwamnatin Injiniya Abba Kabir Yusuf ta farfaɗo da shirin da gurabe 1,001, aka kai ɗalibai Indiya da Yuganda. Ba siyasa muka zo yi ba, kowa ya riƙe jam'iyyarsa. Abin lura shi ne sharaɗin: sai wanda ya fito da sakamako mai daraja a digirin farko. Haka abin yake a tallafin Commonwealth da na Chevening da na asusun PTDF. Ba wanda zai ba ɗan Ruwan Bago gurbi don tausayin cewa daga ƙauye ya fito. Wannan sakamako kuwa ba a jami'a ake fara gina shi ba. A aji uku na firamare ake yanke hukunci, ranar da yaro ya iya karanta jimla da kansa ko ya kasa. Shekarun da muka yi a ofishin hedimasta sun nuna mana yaron da ya wuce aji uku bai iya karatu ba, da wuya ya cim ma 'yan'uwansa. Mu da aka horar a kwalejin horon malamai, sai da aka sa mu gwajin koyarwa a gaban sufeto kafin a ba mu aji. Yau kuwa sai ka tarar da malami ɗaya yana fama da yara fiye da yadda aji zai ɗauka, wasu a kan taga.

Ga inda ku mazauna birni kuka shigo. Ku ne kuke ganin tallar gurabe a jarida da intanet, sau da yawa kuma kafin labari ya iso gida an rufe karɓar takardu. Muna ba da shawara ƙungiya ta buɗe rajista ta duk ɗanmu da ke jami'a ko kwaleji, namiji da mace, da fannin da yake karanta da sakamakonsa na kowace shekara, a ɗora wa mutum biyu alhakin sanar da su duk gurbin da ya fito. Yaro yakan rasa dama ba don rashin ƙwaƙwalwa ba, sai don rashin kuɗin fasfo, ko na jarrabawar Turanci, ko na karɓo takardar sakamako daga jami'a. Waɗannan ba su fi ƙarfin asusun ƙungiya ba, ko da kuɗin makarantar ya fi ƙarfinsa.

Saura batun dawowa. Ba ma zargin likitan da ya zauna a Ingila ko Saudiyya, domin mun san albashin da ya baro. Amma wanda ƙungiya ta tallafa wa, ya dace a rubuta yarjejeniya da shi a gaban iyayensa da dagaci: in ya kammala, ya ba garin nan hutu biyu yana koyar da lissafi ko kimiyya, ko ya ɗauki nauyin jarrabawar yara biyu. Kuma mu riƙa karkata su ga fannin da ke da masauki a nan. Muna da masara da rake, ga madatsar ruwa ta Challawa a ƙasar Ƙaraye tun 1992. Wanda ya karanto ban-ruwa, ko adana amfanin gona, ko lafiyar dabbobi, ba sai ya yi yawon ofisoshi da takarda a hammata ba.

Muna roƙon sakatare ya sa batun rajistar nan a cikin ajandar zaman gobe, a kuma zaɓi mutanen biyu kafin kowa ya kama hanyar birni.