Daskarewar Jini Ga Masu Ciwon Huhu



Kun tuna watan Afrilu na 2020, sa'ad da cutar korona ta shigo Kano, aka yi ta rashin dattawa. To, likitoci sun gane ciwon huhu mai tsanani yakan sa jini ya daskare cikin jijiyoyi. In gudan ya ɓalle ya toshe jijiyar huhu, yana iya zama ajali farat ɗaya.

Akwai awon jini da ake kira D-dimer, watau auna burbushin da gudan jini ke bari in yana narkewa. A birnin Wuhan na ƙasar Sin an bincika majiyyata 191 cikin 2020, aka tarar waɗanda awonsu ya hau tun ranar da aka kwantar da su sun fi mutuwa. Hawan awon gargaɗi ne ga likita, ya duba ko majiyyaci na bukatar allurar heparin mai hana daskarewa.

Saboda haka ku sanar da dagatai da masu unguwa: mai tari da zazzaɓi in ya fara haki, ko ƙafarsa ɗaya ta kumbura, kada a tsaya tausa ko ƙaho. A kai shi asibiti a ranar.