Tausayi Daga Ƙofar Gida Yake Farawa: Lacca ga Iyaye Kirista a Agiye



Ikilisiya a ƙasarmu da hidima ta kafu. Mishan ɗin SIM ya iso Damagaram a 1924, daga baya ya zauna a Tsibirin Gobir. An buɗe asibitin Galmi a 1950, sannan na Danja a 1956 domin jinyar kuturta, a zamanin da ake ware wa kuturu kwanonsa da tabarmarsa. Mutane da yawa sun ga hannun mai wanke miki kafin su ji bakin mai wa'azi. Gadonmu ke nan, kuma a cikin gida ake miƙa shi ga 'ya'ya.

Gani ya kori ji. Yaro zai haddace labarin Basamariye mai tausayi na Luka sura 10 a makarantar Lahadi, amma da maraice zai duba yadda uwarsa ta amsa wa almajirin da ya tsaya a zaure. In ta kore shi da tsawa, karatun safe ya zube. In ta zuba tuwo ta ce, "Ungo, kai masa, ka miƙa da hannun dama," yaron ya koyi tausayi da ladabi a lokaci guda.

A Agiye, Gazawa da Gidan Rumji, maƙwabcinmu Musulmi ne, sau da yawa ma kawu ne ko gwaggo. Ku koya wa ɗanku ya rusuna ya gaishe su, kada ya ci abinci a gaban mai azumi, kada ya gitta gaban mai salla, ya bi ku zuwa barkar suna da gaisuwar ta'aziyya. Wannan ba ya rage masa bangaskiya. Shaida ce ta gidan da ya fito.

Akwai wuri mai wuya. A Janairun 2015 an ƙona majami'u a Damagaram da Yamai, a Yunin 2019 kuma an ƙona wata a Maradi. Ciwon gaskiya ne, neman adalci kuma hakki ne. Sai dai kalmar da uba ya furta a tsakar gida a irin wannan dare ita ke zama a zuciyar yaro har ya tsufa. In ka ce "duk haka suke," ka shuka gaba. In ka ce "wasu ne suka aikata, mu yi musu addu'a," ka bi koyarwar Almasihu.

Wasiƙar Afisawa sura 6 ta gargaɗi ubanni kada su tsokani 'ya'yansu su yi fushi. Yaron da ya tashi cikin zagi da bulala da wuya ya tausaya wa wani. Wanda ya ga ubansa yana girmama uwarsa zai girmama mata.

Iyayena, ku fara yau. Ku sa yaro ya kai wa tsohuwar unguwa ruwa, ku tafi da shi duba mara lafiya, ku tsare harshenku a gabansa. Allah ya shirya mana zuriya.