Talla da Ciniki a Zamanin Wayar Hannu: Ina Rabon Manoman Ƙaraye da Rogo?



Gabatarwa

Abin da aka nemi in yi magana a kai shi ne sababbin hanyoyin da mai sana'a zai bi ya tallata hajarsa har ta kai ga mai saye. Maimakon manyan kamfanonin birni, na ga ya fi dacewa mu duba ƙasar Ƙaraye da Rogo, watau ƙananan hukumomi biyu na yammacin Jihar Kano, waɗanda tun 2024 su ne Masarautar Ƙaraye ta ƙunsa. Galibin mutanen wannan yanki manoma ne, kuma Madatsar Ruwa ta Calawa, wadda aka gama a 1992, ta ƙara musu damar noman rani da kamun kifi. Kaya dai akwai su. Tambayar ita ce, in sababbin na'urori sun shigo kasuwa, mene ne rabon wanda ya noma kayan?

Talla a Da

Tun zamanin da Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499) ya kafa Kasuwar Kurmi, da lokacin da ayari ke zuwa Gwanja fataucin goro, ciniki mai nisa bai taɓa yiwuwa ba sai da dillali da fatoma. In muka lura, aiki uku dillali yake yi. Shi ya san farashi, shi ke haɗa mai saye da mai sayarwa, shi ne kuma yake tsaya wa kowannensu a kan ingancin kaya da biyan kuɗi. Ladan waɗannan uku shi ne la'ada.

Daga baya jarida da rediyo suka shigo: Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Rediyon Kaduna a 1962, Freedom Radio ta Kano a 2003. Sun kai muryar talla nesa ƙwarai, amma sai mai hali ke iya biya, kuma mai sauraro ba shi da damar tayawa. Saboda haka manomin karkara ya ci gaba da dogara ga dillali.

Abin da Na'ura Ta Sauya

Na farko, labarin farashi. Tun da wayar hannu ta fara aiki a Nijeriya a 2001, manomi yana iya jin yadda ake sayar da masara a Dawanau, ko tumatur a 'Yankaba da kasuwar Mile 12 ta Ikko, kafin ya ɗora kaya a mota. Wata masaniyar tattalin arziki, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na Jamhuriyar Nijar daga 2001 zuwa 2006, ta gano cewa shigowar waya ta rage bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari.

Na biyu, nuna haja. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Da WhatsApp ko Facebook ko TikTok, mai kifi ko mai barkono zai ɗauki hoton kayansa, ya aika wa masu saye da yawa a lokaci guda. Saƙon murya kuwa ya ɗauke wa wanda bai yi boko ba wahalar rubutu. WhatsApp Business, wanda aka fito da shi a 2018, yana ba mai sana'a damar jera kayansa da farashinsu. Wannan ya shafi matan aure musamman, domin mai ƙuli-ƙuli ko ɗinkin hula tana iya samun masu saye daga cikin ɗakinta, ba sai ta ɗora wa 'yarta talla ta hana ta makaranta ba.

Na uku, biyan kuɗi. A 2013 Babban Bankin Nijeriya ya fitar da ƙa'idojin wakilcin banki, waɗanda suka buɗe hanya ga masu POS. Ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo bayan sauya fasalin naira a farkon 2023 ya tilasta wa mutane da yawa koyon tura kuɗi ta waya, kamfanoni irin su OPay da Moniepoint suka bazu har ƙauyuka.

Na huɗu, wanda yake tasowa, shi ne ƙirƙirarriyar basira, watau kwamfutar da ke iya rubutu da fassara. Google ya sa Hausa cikin na'urarsa ta fassara a 2013, kuma daga 2022 aka sami irin su ChatGPT. Da su mai haja zai iya tsara tallarsa da Turanci don mai saye na Kudu, in dai ya sami wanda zai duba masa, domin har yanzu sukan yi kure a Hausa.

Abin da Ba Ta Sauya Ba

To, a nan ne gizo yake saƙa. Aker ta sake wani bincike tare da Marcel Fafchamps a kan gero da dawa da wake a Nijar, sai suka ga farashin da manomi ke karɓa bai tashi ba saboda waya. Dalilin bai ɓuya ba. Sanin farashi ba ya amfanar wanda ba shi da ikon jira ko ikon kai kaya. Mai kwando goma na tumatur ya san kuɗinsa a Ikko sarai, amma ba shi da mota, tumatur kuwa ba ya kwana da yawa. Wanda ya ci bashin taki da damina tilas ya sayar da kaka, lokacin da hatsi ya fi araha.

Bugu da ƙari, waya ta karɓe aiki biyu daga hannun dillali, ta bar na ukun, watau tsayawa. An ce ba a cinikin biri a sama, ga shi kuwa ciniki ta waya kusan haka yake. Mai saye yana tsoron algus, kada ya ga sama mai kyau a hoto, ƙasan buhu tsakuwa. Mai sayarwa yana tsoron alat na bogi. Muddin babu mai tsayawa, mai saye na nesa zai koma wajen dillalin da ya sani.

Abin Yi

Na ɗaya, manoma su haɗu ƙungiya-ƙungiya su tara kayan da zai cika mota, su yi talla da suna ɗaya da asusu ɗaya. Ƙungiya tana da sunan da za ta ji kunyar ɓatawa, don haka ita za ta zama mai tsayawa.

Na biyu, a daidaita awo. Tiyar wannan kasuwa ba ita ce ta waccan ba, buhu ma haka. Mai saye daga nesa yana bukatar a ce masa kilo kaza, daraja ta ɗaya ko ta biyu. Wannan aikin ƙananan hukumomi ne da sarakunan kasuwa.

Na uku, malaman gona na hukumar KNARDA su haɗa koyar da sayarwa da koyar da shuka, kuma masu tsara kasafi su tuna cewa hanya da rumbun ajiya da wutar cajin waya duk cikin sha'anin talla suke.

Na huɗu, ku ɗalibai, musamman 'yan wannan yanki, ku ne kuka iya na'urar. In kun je hutu, ku koya wa iyayenku ɗaukar hoto na gaskiya, da duba asusu kafin sakin kaya, da ɓoye lambar sirri.

Kammalawa

Jama'a, in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Waya ta kusanto da Dawanau da Ikko zuwa bakin gona, amma manomin Ƙaraye da Rogo ba zai ga ribarta ba sai an haɗa ta da ƙungiya, da awo na gaskiya, da hanya mai kyau. Waɗannan kuwa aikinmu ne, mu da ke zaune a wannan zaure.