Hasumiyar Fitila ta Birnin Ankara a Ƙasar Gana

Jawabin yau a kan wata hasumiya ne da ke bakin teku a unguwar Jamestown, cikin Ankara, babban birnin Gana.

Ita wannan hasumiya ba ta kiran salla ba ce. Fitila ce a bisa kanta, don matuƙan jiragen ruwa su gane gaɓa da dare. Ingilishi suka gina ta fari a 1871, kusa da ganuwarsu ta James Fort. Wadda ke tsaye yanzu an gina ta ne bayan 1930. Tsayinta ƙafa 93, an kuwa shafe ta da fenti ja da fari domin a shaida ta da rana.

A zamanin da, Ankara ba ta da tasha mai zurfi. Jirage sukan tsaya can nesa, masu kwalekwale su yi ta jigilar kaya cikin igiyar ruwa, har aka buɗe tashar Tema a 1962. Fataken Hausawa kuwa sukan ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar nan zuwa Ikko, bayan da reluwe ya iso Kano a 1911 sai a wuce da shi Arewa. Ashe dukiyar mutanenmu ma ta ci moriyar irin wannan haske.

To, gina hasumiya aikin 'yan shekaru ne, riƙonta kuwa na kullum. Iskar teku gishiri gare ta, tana cin ƙarfe, tana ɓamɓare fenti, tana dusashe gilashi. Saboda haka aikin mai tsaro a da shi ne goge gilashi kowace safiya, da zuba mai, da gyara lagwani, da rubuta kome cikin littafi. Yau galibin hasumiyoyin duniya lantarki ke kunna su, amma tsatsa ba ta daina aikinta ba.

Matuƙi ya amince fitila na nan. In ta mutu dare ɗaya, sai ya zaci gaɓa na nesa, ya afka wa duwatsu, a rasa rayuka da dukiya.

Haka rijiya da gada da ɗakin shan magani suke a gundumominku. Talaka ya dogara gare su, watau laluwarsu ba ta zama sai da hasara. A riƙa duba su, a rubuta ɓarna tun tana ƙarama, a nemi gyara kafin damina. Allah ya taimake mu, amin.