Yanke Kwana a Kan Babur: Jawabi ga Malaman Reshenmu



Da yawa daga cikinmu babur ne ƙafarmu. Da shi muke isa makarantun ƙauye kafin a kaɗa ƙararrawa, sau da dama da ɗa ko ɗiya a baya. Shi ya sa muka ga ya dace mu tattauna wata ɗabi'a da ta zama jiki gare mu, wato yanke kwana: mai babur ya bar hannunsa, ya tsallake layin tsakiyar titi domin ya miƙe hanya.

Masu yin haka suna da hujja. Sukan ce tafiya tana raguwa, babur ba ya kwantawa sosai, kuma ba sai an taka birki ba. Haka ma masu tseren babura suke yi, amma su a filin da aka rufe suke gudu, inda babu mai tahowa ta gabansu.

Mu yi lissafi irin na aji shida. Babur mai gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Idan mota ta taho da irin wannan gudu, tazarar da ke tsakaninsu tana raguwa da mita 33 a daƙiƙa guda. In kwanar ta ɓoye duk abin da ya wuce mita 50, daƙiƙa ɗaya da rabi kacal ta rage wa mai babur ya hango, ya yanke shawara, ya koma hannunsa. Ribar da yake nema kuwa ba ta wuce 'yan taku kaɗan ba.

Tun 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, saboda haka kwanar hagu ita ce ta fi jan mutum zuwa tsakiya. Akwai kuma abin da ba a cika lura da shi ba: babur yana karkata idan yana shan kwana, don haka taya tana iya zama a hannunta alhali kai da kafaɗar mahayi sun leƙa hannun tirela. Ba sai an je Hawan Kibo ba kafin a gamu da makauniyar kwana. Da damina dawa takan yi tsawo har bakin titi, da hunturu kuma hazo yakan rufe gaba.

Ƙa'idar hanya, wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa take kula da ita tun kafa ta a 1988, a fili take: farin layi miƙaƙƙe ba a tsallake shi. Inda ba a shata layi ba, tsakiyar titi ita ce iyaka.

Shawararmu ita ce mu rage gudu kafin shiga kwana, domin birki mai ƙarfi a tsakiyarta yana iya kayar da mutum. A kwanar hagu mu matsa dama cikin hannunmu, nan ne ido ya fi hango nesa. Kada gudunmu ya wuce wanda za mu iya tsayawa cikin tazarar da muke gani, kuma kada mu bar hular kwano a gida.

Ɗalibanmu suna kallon yadda muke tuƙi kamar yadda suke kallon allo, kuma gobe su ne za su hau babur. Hanyar lafiya, a bi ta da shekara.

Allah Ya kai kowa gida lafiya.