Abin da Kashin Kaza Ke Sanar da Mai Kiwo

Tun kafin a kafa Babban Birnin Tarayya a shekarar 1976, Gwari da Gwandara da Gade da Bassa suna kiwon kaji a bayan ɗaki. Har wa yau kuwa, daga Bwari zuwa Abaji, da wuya a shiga gidan ƙauye ba a tarar da akurki ba. Kaza ita ce asusun uwargida: da ita ake sallamar baƙo, da kuɗinta ake sayen magani da littafin yaro. Amma kowace shekara cuta tana kwashe kaji masu yawa, alhali tun kwanaki kafin mutuwarsu alamar tana nan a ƙasan akurki, ana share ta da tsintsiya ba a duba ba.

Wajibi ne mai kiwo ya fara sanin kashin lafiyayyar kaza. Kaza ba ta da mafitsara, saboda haka fitsarinta da kashinta tare suke fita. Kashin yakan zo a dunƙule, ƙasa-ƙasa ko toka-toka, da ɗan fari a kansa. Farin nan shi ne fitsarin. Sa'an nan akwai wasu 'yan jakunkuna biyu a ƙarshen hanjinta, waɗanda ke zubar da abin da ke cikinsu sau ɗaya ko biyu a yini. Wannan kashi yana da yauƙi da wari ƙwarai, launinsa kamar na daddawa. Mutane da yawa sukan firgita da shi su nemi magani, alhali lafiya ce. Haka kuma kaza mai kwanci takan tara kashi ta zubar da babban tuli, wadda ta ci ɗanyen ganye kashinta kan yi kore, a zafin watan Maris kuwa yawan shan ruwa kan sa ya tsinke. Muddin tana kiwo, idonta garau, babu abin tsoro.

Jini shi ne abu na farko da ba a yi wa jinkiri. Kashin jini yakan kama 'yan tsaki masu mako 3 zuwa 6, musamman da damina, wadda a Abuja takan kai daga Afrilu zuwa Oktoba. Wasu ƙwayoyi ne da ido ba ya gani suke cin fatar hanji. Ƙwansu yana fita cikin kashi, idan ya sami danshi da ɗumi sai ya nuna cikin kwana ɗaya ko biyu, wani tsako ya tsattsaga ya haɗiye. Watau jiƙaƙƙen akurki shi ne gonar cutar. Tsakon da ya kamu yakan takure, ya saki fukafukai, ya lumshe ido. Tana da magani, ana kiransa amprolium, a ruwan sha ake zubawa. Amma ba zai yi amfani ba sai an kwashe jiƙaƙƙen shimfiɗi, an zuba busasshen ɓuntun shinkafa ko diddigar katako, an kuma ɗaga kaskon ruwa daga ƙasa.

Tsutsar ciki ba ta gaggawa. Kaza ta yi ta ci tana ramewa, ƙwai ya ragu, wani lokaci a ga farar tsutsa mai tsawon yatsa cikin kashi, ko gutsattsarin tsila kamar ƙwayar shinkafa. Tsila daga tururuwa da ƙuda da tana kaza ke ɗaukarta. Maganin doguwar tsutsa ba lalle ne ya kashe tsila ba, don haka a nuna wa malamin dabbobi abin da aka gani. Masara ko gyaɗa mai funfuna ita ma tana lalata hanta ta kawo zawo. Abin da mutum ya ƙi ci, kada a watsa wa kaji.

Zawo kore shar, ga kaza ta daina ci, ga shi da lokacin hunturu, wannan shi ne babban abin tsoro. Koren nan ruwan matsarmama ne da ya zubo cikin hanjin da babu abinci. Idan ya haɗu da haki, da murɗewar wuya, da mutuwa bi da bi, to, ana zaton cutar Niyukasil ce, wadda aka sa wa sunan wani gari na Ingila inda ta ɓulla a 1926, aka kuma tabbatar da ita a Nijeriya wajen Ibadan a 1952. Ba ta da magani. Kafso na mutane da ake ɓarewa a zuba wa kaji a ruwa asarar kuɗi ne kawai, kuma yana saura cikin nama da ƙwai, ya koya wa ƙwayoyin cuta jure magani. Abin da ke hana ta shi ne rigakafi. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda ke can tun 1924, tana yin wani rigakafi mai suna I-2, wanda ya fi sauran jure zafi. Ɗigo ɗaya ne a ido, ana maimaitawa bayan wata 3 ko 4, kuma lafiyayyun kaji ake yi wa, kafin iskar hunturu ta taso.

Farin zawo mai manne wa tsako a dubura, ko rawaya mai ruwa-ruwa ga manyan kaji, yakan nuna cututtukan da wasunsu ke bin ƙwai daga uwa zuwa tsako. Launi kaɗai ba ya raba su da cutar Gumboro. Sai an kai gawa ko ɗanyen kashi an gwada, kamar a Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada.

Yawancin annoba da ƙafa take shigowa gida. Kazar da aka sayo a kasuwar Gwagwalada ko Dei-Dei gab da Sallah ko Kirsimeti, a ware ta mako 2, ana duba kashinta kowace safiya, kafin a haɗa ta da na gida. Wadda ta kamu a keɓe ta nan take. Sayar da ita da araha, kamar yadda wasu ke yi, kai wa maƙwabci wuta ne.

Idan kuwa kaji suka mutu da yawa cikin yini ɗaya ko biyu, fuska a kumbure, zanko ya yi shuɗi, a tuna da murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatarwa a Nijeriya a wata gona da ke Jaji, Jihar Kaduna, cikin Fabrairun 2006, ta kuma kashe mutum a Legas a 2007. Kada a yanka, kada a fige, kada a bar yara su taɓa. A sanar da ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma, a binne gawar cikin rami mai zurfi nesa da rijiya, a wanke hannu da sabulu. Takin akurkin ma kada a kai shi gona sai ma'aikata sun ba da izini.